Igiya, Anini da Mikiya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Muƙaman Soja da Yadda Umarni Ke Sauka

Da wuya ka sami unguwa a Zariya da ba ta da ɗa ko suruki a cikin kaki. Tun 1924 ake horar da kuratan sojan ƙasa a Dafo, makarantar soja ta yara tana nan tun 1954, ga barikin Basawa inda makarantar 'yan sandan soja take, ga kuma Jaji a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Duk da wannan maƙwabtaka, yawancinmu ba ma iya bambance kofur da kyaftin. Duk mai kaki "Oga" ne a bakinmu.

Wannan rashin sani yana jawo asara. Shi ke sa a damfari uba da sunan za a samo wa ɗansa aikin soja, shi ke sa wanda aka zalunta ya kai kukansa inda ba za a iya share masa hawaye ba. Igiyar da ke hannun soja da aninin da ke kafaɗarsa abu biyu suke faɗa maka: mutum nawa aka damƙa masa, da kuma wanda zai tuhume shi idan abu ya lalace. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Mene ne bambancin hafsa da ƙaramin soja?

Gida biyu ne a cikin bariki ɗaya. Hafsa shi ne wanda aka ba takardar naɗi da sunan Shugaban Ƙasa, takardar da sojoji ke kira kwamishin. Da ita yake da ikon jagorantar dakaru da zartar da hukunci. Ƙaramin soja kuwa shi ne wanda ya shigo ta Dafo, ya fara daga kurtu. Alamar hafsa tana kafaɗa, ta ƙaramin soja tana hannun riga, sai dai a wasu kayan fagen daga akan maƙala alamar a ƙirji. Wurin cin abincinsu da hutawa daban, gidajensu a bariki daban.

Kada kalmar "ƙarami" ta ruɗe ka. A cikin ƙananan sojoji akwai dattawa masu furfura da suka shekara talatin a aiki, suka je Laberiya da Saliyo da Darfur suka dawo. Amma a tsarin aiki, yaron da aka maƙala wa anini ɗaya jiya a makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna yana gaba da su duka, kuma su za su sara masa. Ba shekarunsa ake sara wa ba, ikon ƙasar da ke cikin takardarsa ake girmamawa, shi ya sa wajibi ne shi ma ya mayar da gaisuwar.

Yaya ake karanta igiyar hannu?

Kurtu shi ne wanda ke cikin horo. Idan ya kammala ya zama farabiti, hannun rigarsa babu komai. Igiya ɗaya las-kofur, biyu kofur, uku saje. Idan ka ga igiya uku da mikiya a samansu, wannan sitaf saje ne. Daga nan igiya ta ƙare, sai a shiga sahun da Bahaushe ya haɗa ya kira samanja. Matakai uku ne a nan: warant ofisa, sai masta warant ofisa mai ɗauke da tambarin Najeriya, sai kuma na ƙololuwa, warant ofisa na rundunar soja, wanda mutane ƙalilan ne ke taka shi.

Me ya sa ake tsoron samanja fiye da wasu hafsoshin?

Domin shi ne yake tare da soja safe da yamma. A kowace bataliya akwai babban samanja guda, wanda ake kira RSM. Faretin safe, tsaftar bariki, askin kai, ƙyallin takalmi, wanda zai yi gadi da wanda zai kwana a gadurum, duk ta hannunsa suke bi. Shi ya san sojan da matarsa ke asibiti, da wanda bashi ya yi wa katutu, da wanda ya fara shaye-shaye. Kwamanda yakan ji labarin dakarunsa ne daga bakinsa.

Ka tsaya gefen filin fareti ka kalli yadda abin ke gudana. Dattijo ne riƙe da sanda a hammata, ya daka tsawa ɗaya, mutum ɗari sun ƙame kamar an dasa su. Sai ga saurayi ɗan shekara ashirin da ƴan kai ya fito, anini ɗaya a kafaɗa. Dattijon ya juya, ya buga ƙafa, ya sara masa, ya ba shi rahoton adadin waɗanda suka fito da waɗanda ba su da lafiya. Bayan an watse kuma, idan saurayin nan yana da hankali, zai je gefe ya rage murya ya ce, "Baba, yaya kake ganin za mu yi da maganar yaran nan?" A fili umarni na saurayin ne, amma sanin aiki na dattijon ne. Ni a ganina hafsan da ya raina samanjansa ya riga ya yi asarar rabin dakarunsa tun bai fita daga bariki ba.

Ba a sara wa samanja, tunda ba shi da kwamishin, amma na ƙasa da shi suna ƙame masa suna ce masa "Sa". Ko matan bariki suna da nasu tsarin: shugabarsu ita ce magajiya, kuma ta hannunta koke-koken iyali ke isa ga RSM.

To anini da mikiya fa?

Anini ɗaya shi ne ƙaramin laftana, matakin farko na hafsa. Biyu laftana, uku kyaftin. Daga nan sai mikiya ta sauka a kafaɗa: mikiya ita kaɗai manjo, mikiya da anini ɗaya laftanar kanar, da biyu kanar, da uku birgediya janar. Daga kanar zuwa sama za ka ga jan ƙyalle a kwalar riga, wannan alama ce mai saurin ganewa ko daga nesa.

Manyan janar-janar kuma suna da takobi da sanda a gicciye. Mikiya da takobi da sanda manjo janar ne. A ƙara anini ɗaya ya zama laftanar janar, a ƙara biyu ya zama cikakken janar. Sama da wannan akwai fil mashal a rubuce, amma babu wanda ya taɓa riƙe shi a Najeriya. Cikakken janar ma ba kowa ba ne. Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, da Murtala Muhammed, dukansu tsofaffin ɗaliban Barewa, sun kai. Obasanjo da Babangida da Abacha da Abdulsalami sun kai. Muhammadu Buhari kuwa, duk da ana ce masa Janar, a manjo janar ya tsaya.

Manjo ya fi laftana, amma laftanar janar ya fi manjo janar. Ba a juya abin ba?

Ba a juya ba. Gado ne daga sojan Ingila. Can asali sunan muƙamin "samanja janar" ne, wato na uku a bayan janar da mataimakinsa, sai aka gajarta shi ya koma manjo janar. Matsayinsa bai canza ba.

Kowane muƙami mutum nawa yake riƙe da su?

Nan ne zuciyar maganar. Ƙaramin rukuni shi ne sashe, kimanin mutum goma, a hannun kofur. Sashe uku su ne filatun, kimanin mutum talatin, a hannun laftana, da saje a matsayin na hannun damansa. Filatun uku ko huɗu su ne kamfani, mutum ɗari da ɗoriya, a hannun manjo ko kyaftin. Kamfanoni su haɗu su zama bataliya, mai ɗaruruwan dakaru, a hannun laftanar kanar. Bataliyoyi kamar uku su ne birged, a hannun birgediya janar. Birged-birged kuma su haɗu su zama babbar runduna, a hannun manjo janar da ake kira GOC. Waɗannan adadin kimantawa ne, yanayin aiki yakan sa su ƙaru ko su ragu.

Mu mutanen Zazzau ba baƙi ba ne ga irin wannan tsari. Magana takan taso daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, sannan ta isa fada, umarni kuma ya biyo hanyar ya sauko. Haka soja yake, sai dai nasa ba ya karɓar tsallake. Farabiti ba zai wuce kofur da saje ya je ya ƙwanƙwasa ofishin kwamanda ba. Janar ma ba ya tsayawa yana ba farabiti umarnin inda zai haƙa rami. Yakan faɗi abin da yake so a cim ma, kowane mataki ya mayar da shi aikin da ya dace da mutanensa.

Dalilin wannan tsauri a fili yake. Mutum ɗaya ba zai iya sa ido a kan dubu ba, amma zai iya sa ido a kan uku ko huɗu, su ma kowannensu ya sa a kan nasa. A lokacin da harsashi ke tashi, dole kowa ya san murya ɗaya da zai saurara, kuma idan mai muryar ya faɗi, a san wanda zai karɓa nan take ba tare da gardama ba.

A duk waɗannan kujeru, wadda ta fi taɓa rayuwar soja ita ce ta kwamandan bataliya. Shi ne yake da ikon yi wa soja shari'ar gaggawa a ofishinsa, shi ke sa hannu a hutu da rahoton ƙarin girma, kuma shi ake nema idan yaransa sun yi ɓarna a gari.

Manyan rundunonin sojan ƙasa suna da hedikwatoci a sassan ƙasa: ta 1 a Kaduna, ta 2 a Ibadan, ta 3 a Jos, ta 6 a Fatakwal, ta 7 a Maiduguri, wadda aka kafa a 2013 saboda yaƙin Boko Haram, ta 8 a Sakkwato, ta 81 a Legas, ta 82 a Inugu. Zariya tana yankin Runduna ta 1.

Daga can sama, wa ke ba wa umarni?

Kan sarkar farar hula ne. Sashe na 130 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce Shugaban Ƙasa shi ne babban kwamandan askarawan Najeriya, sashe na 218 kuma ya ba shi ikon yanke yadda za a yi amfani da su da ikon naɗa manyan hafsoshi. Majalisar dokoki ta ƙasa ke tantance waɗanda ya zaɓa, ita kuma ke amincewa da kasafin kuɗinsu. Ministan Tsaro yana riƙe da manufofi da sha'anin gudanarwa.

A cikin masu kaki, na ɗaya shi ne Babban Hafsan Tsaro, kujerar da Laftanar Janar Alani Akinrinade ya fara hawa a 1980. Aikinsa haɗa kan sojan ƙasa da na ruwa da na sama, musamman a ayyukan haɗin gwiwa. Babban Hafsan Sojan Ƙasa, wanda a yanzu laftanar janar ne ke riƙe kujerar, shi ke tafiyar da sojan ƙasa yau da kullum, daga gare shi umarni ke sauka ga GOC-GOC. Makarantun da rundunonin uku ke tarayya a kansu, irin su NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, da aka buɗe a 1964 da kwalejin hafsoshi ta Jaji da aka kafa a 1976, suna ƙarƙashin hedikwatar tsaro ne. Sojan ƙasa kuma yana da hedikwatar koyarwa da horo a Minna mai kula da makarantunsa.

Gwamna ko sarki zai iya ba soja umarni?

A'a. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa, yana shugabantar taron tsaro da kwamandoji ke halarta, yana iya neman ɗauki, yana iya sayen motoci ya ba su. Amma ba zai ce wa bataliya ta tashi ta tashi ba. Sarki ma kwamandoji kan je fada su kai gaisuwa su nemi haɗin kai, kuma maganarsa tana da nauyi, sai dai nauyin uba ne, ba umarnin aiki ba.

Idan kanar biyu suka haɗu, wa ke gaba?

Wanda ya riga samun muƙamin. Idan rana ɗaya aka ƙara musu, a koma ga wanda ya riga samun kwamishin, shi ya sa za ka ji hafsoshi na tambayar juna kwas na nawa suka yi a NDA. Amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci: muƙami daban, kujera daban. Likitan soja mai muƙamin kanar ya fi laftanar kanar girma, za a sara masa, amma ba zai karɓe bataliya daga hannun kwamandanta ba, domin ba shi aka damƙa wa ba.

Wannan al'ada ta girma ce ke sa a yi ta ritaya duk lokacin da aka naɗa sabon babban hafsa. Bayan rasuwar Laftanar Janar Ibrahim Attahiru a hatsarin jirgi a Kaduna ranar 21 ga Mayu 2021, an naɗa Faruk Yahaya, ɗan kwas na 37, alhali akwai janar-janar da suka riga shi shiga. A al'adar soja babba ba ya zama yana sara wa ƙaninsa a aiki, don haka irin waɗannan yawanci sukan ajiye kaki ko a mayar da su kujerun da ba sa ƙarƙashinsa kai tsaye.

Ɗana ya fita daga Dafo. Zai iya zama janar?

Iyaye da yawa suna wannan tambaya ranar faretin yaye kurata, ranar da Sabon Gari ke cika da baƙi daga kowane lungu na ƙasar nan. Za ka ga uwa ta kwana a mota daga Yola ko Kalaba, ta tsaya tana ɗaga wuya tana duba layi bayan layi, kawuna duk a aske, fuskoki duk sun yi baƙi sun rame bayan kimanin wata shida na horo, har sai ɗan nata ne ya gane ta ya rugo. A wannan lokacin babu uwar da ba ta hango wa ɗanta jan ƙyalle a wuya.

Gaskiyar magana ita ce hanyar Dafo tana ƙarewa ne a samanja. Don ya zama hafsa sai ya sake shiga ta wata ƙofa. Ƙofofin kuwa suna nan. Akwai dogon kwas na NDA, shekara biyar ga sojan ƙasa, a fita da digiri da anini. Akwai gajeren kwas na watanni ga masu digiri ko babbar difloma, da wani makamancinsa ga ƙwararru irin su likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da malaman addini, kuma sojan da ke cikin aiki yana iya nema idan ya cika sharuɗɗa. Akwai kuma kwamishin na musamman da ake ba ƙananan sojojin da suka daɗe suka nuna ƙwazo, sai dai masu bin wannan hanya shekaru kan cim musu kafin su yi nisa.

An taɓa yi. Aguiyi-Ironsi ya shiga soja a farabiti a 1942, ya sami kwamishin a 1949, ya zama manjo janar kuma ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci rundunar a 1965. Shawarata ga iyaye ita ce kada a bar yaro ya ajiye littafi don ya sa kaki. Wanda ya ci gaba da karatu yana cikin aiki shi ƙofar ke buɗe wa. Idan kuma bai zama hafsa ba, wanda ya yi ritaya a samanja da sunansa mai kyau bai yi aikin banza ba.

Yaran makarantar soja ta Zariya hafsoshi ne idan sun gama?

Ba kai tsaye ba. Sakandare ce mai haɗe da horon soja. Wanda ya gama yana iya shiga aiki a ƙaramin soja, da yawa kuma sukan wuce NDA. Tunde Idiagbon da David Mark da Buba Marwa duk nan suka fara.

Yaya ake samun ƙarin girma?

Shekaru kaɗai ba sa isa. Sai an cika wa'adi a muƙami, an ci jarrabawa, an yi kwasa-kwasan da aka shar'anta, rahoton shekara-shekara ya yi kyau, sannan kuma akwai gurbi. Laftana yana da jarrabawar zama kyaftin, kyaftin yana da ta zama manjo. Manjo kan je Jaji ya yi babban kwas kafin a yi maganar gaba, kanar kuma kan bi ta kwalejin tsaro ta ƙasa a Abuja, wadda aka kafa a 1992, ko makamanciyarta. Majalisar Sojan Ƙasa ce ke amincewa da ƙarin girman manyan hafsoshi. Sama tana da ƙunci, wanda aka tsallake sau da yawa ko shekarun muƙaminsa suka cika sai ya tafi gida, kuma iyakar aiki shekara 35 ce.

A zamanin mulkin soja siyasa ta sha karya wannan tsari. Bayan kisan Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, an ɗaga Shehu Musa 'Yar'adua daga laftanar kanar zuwa birgediya, bai taka kanar ba.

Soja zai iya ƙin bin umarni?

Dokar Rundunonin Soja ta hukunta ƙin bin umarni, amma umarnin da ya halatta take nufi. Idan aka ce ka tafi gaba alhali kana jin tsoro, ko ka yi gadi alhali ka gaji, babu zaɓi. Idan kuma aka ce ka harbe wanda ya miƙa wuya, ko ka ƙwace kayan mai shago, wannan haramcinsa a bayyane yake, kuma "an umarce ni" ba za ta wanke ka a kotu ba.

Sojan da ke da ƙorafi yana da hanya: ya rubuta koke ta hannun na gaba da shi, ko ya yi magana a taron da kwamanda ke yi da dakarunsa, wanda suke kira durba. Abin da ba a yafewa shi ne a haɗa kai a yi tawaye. A watan Mayu 2014 sojoji a barikin Maimalari da ke Maiduguri, cikin fushin ganin gawarwakin abokansu, suka buɗe wuta wajen motar GOC ɗinsu, Manjo Janar Ahmadu Mohammed. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a watan Satumbar shekarar. A Disamba 2015 aka sassauta wa sojoji 66 da ke jiran kisa zuwa ɗaurin shekara goma. Kukan yaran nan na rashin kayan aiki kuka ne na gaske, kuma ina ganin babban darasin yana kan shugabanni: idan hanyar koke ta toshe daga sama, fushi zai nemi wata mafita.

Tarihinmu ya nuna abin da ke biyo bayan tsinkewar wannan sarka. Bayan juyin mulkin 29 ga Yuli 1966 da aka kashe Ironsi, wanda ya fi kowa girma a sojan ƙasa shi ne Birgediya Babafemi Ogundipe, amma ƙananan sojoji suka ƙi sauraronsa. Mulki ya faɗa hannun Gowon yana laftanar kanar, yana ɗan shekara 31. Ojukwu, shi ma laftanar kanar, ya ƙi amincewa da shi, yana kafa hujja da cewa an tsallake na gaba. Wannan saɓani yana cikin abubuwan da suka share hanyar yaƙin basasar 1967 zuwa 1970.

Idan sojoji suka yi ɓarna, wa ke ɗaukar laifi?

Wanda ya aikata yana ɗauka, wanda ya ba da umarni yana ɗauka, haka kuma kwamandan da ya sani ko ya kamata ya sani amma bai hana ba kuma bai hukunta ba. Sarkar da ke saukar da umarni ita ce ke hawa da alhaki.

Mutanen Zariya sun san nauyin wannan tambaya. Bayan arangamar da aka yi a Disamba 2015 tsakanin sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky, gwamnatin Kaduna ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba. Gwamnatin da kanta ta shaida wa kwamitin cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya. Rahoton da ya fito a 2016 ya ɗora wa shugabannin harkar ta Zakzaky nasu kason laifin, ya kuma ce sojoji sun yi amfani da ƙarfi fiye da kima, ya ba da shawarar a gano masu hannu a gurfanar da su. Ko wane ɓangare mutum yake, tambayoyin da ya kamata a yi a irin wannan hali ba sa canzawa: wace bataliya ce, wa ke riƙe da ita, wa ya ba shi umarni. Wanda bai san tsarin muƙamai ba ba zai ma iya yin tambayar ba.

Soja ya ci zarafina a gari. Ina zan kai kuka?

Da farko kada ka yi sa-in-sa da mai bindiga a kan titi. Ka lura da sunan da ke ƙirjinsa, igiya ko aninin da yake ɗauke da su, lambar mota, wuri da lokaci, ka kuma riƙe waɗanda suka gani. Idan akwai rauni, a je asibiti a karɓi takarda.

Sannan ka nufi barikin da ya fito. A bakin ƙofa ka yi sallama ka ce, "Yallaɓai, ƙorafi na kawo, ina neman 'yan sandan soja ko ofishin RSM." Rubutaccen koke zuwa ga kwamanda ya fi na baki ƙarfi, kuma ka ajiye kwafi. Idan ba a saurare ka ba, hedikwatar Runduna ta 1 tana Kaduna, rundunar sojan ƙasa ta buɗe teburin kare haƙƙin ɗan Adam tun 2016, ga kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Soja yana ƙarƙashin doka biyu ne, ta soja da ta ƙasa, saboda haka kai rahoto ga 'yan sanda ko ɗaukar lauya haƙƙinka ne. Ita kanta kotun soja ba ita ce ƙarshe ba, ana ɗaukaka hukuncinta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli.

Kyaftin na ruwa da na ƙasa ɗaya ne?

Da nisa. Kyaftin na sojan ruwa daidai yake da kanar, haka ma guruf kyaftin na sojan sama. Kwamado na ruwa ko na sama shi ne takwaran birgediya janar, cikakken admiral kuma takwaran cikakken janar.

Mata fa?

Muƙamansu da alamominsu iri ɗaya ne da na maza, kuma namijin da ke ƙasa da mace zai sara mata. Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa, ita ce mace ta farko da ta zama manjo janar a 1994. A 2011 NDA ta fara ɗaukar mata a dogon kwas na mayaƙa.

Wani ya ce shi kanar ne, zai sa ɗana a Dafo idan na biya. In yarda?

Kada ka ba shi ko sisi. Neman shiga soja kyauta ne, ta shafin intanet na rundunar ake cikewa, ana tantancewa a jihar da mutum ya fito, kuma kundin tsarin mulki a sashe na 217 ya wajabta a raba guraben ta yadda kowane yanki zai samu. Lokacin ɗaukar kurata shi ne kakar sojan gona a Zariya. Sukan zauna a otal ko wurin shan shayi kusa da bariki, da hoton kaki a waya, suna kiran sunayen manya.

Abin da ka karanta a sama ya isa ka gwada shi. Tambaye shi inda yake aiki da wanda yake ƙarƙashinsa, da kwas ɗin da ya yi. Dubi hoton: wanda ya ce shi kanar ne amma kafaɗarsa anini uku ne babu mikiya, ko wanda ya haɗa igiya a hannu da anini a kafaɗa, ya tona kansa. Ko da kuwa sojan gaske ne, karɓar kuɗi don ɗaukar aiki laifi ne da zai iya raba shi da kakinsa, kuma yaron da aka shigar ta bayan gida ana iya korarsa ranar da aka sake duba takardu, ko da ya yi watanni a horo. Idan ya matsa maka, ka ce ku haɗu a ofishin 'yan sandan soja a yi maganar a can.